Shigar kwaikwayo: kosfile a duniya, tashe a ƙasar Haɗeja

A kowace shekara dubban matasa a ƙasashen Asiya da Turai da Amurka kan kashe kuɗi da lokaci wajen ɗinka tufafin wani jarumi na fim ko na littafin zane, su sanya, su fito bainar jama'a suna tafiya irin tasa, suna magana irin tasa. Wannan sha'awa ita ake kira kosfile, kalmar da Japanawa suka harhaɗa daga wasu kalmomin Turanci biyu masu ma'anar sutura da wasa.

Sunan dai baƙo ne a kunnen Bahaushe, amma aikin ya daɗe da saninsa. Duk wanda ya tashi a Haɗeja ko Auyo ko Kafin Hausa ya san cewa da zarar azumi ya kai kwana goma, yaro kan liƙa gemun auduga ya zama tsoho, yarinya kuma ta zura babbar riga ta zama maigida. Bayan an sha ruwa na ƙarshe kuma, sai mahaya su fito cikin lifidi da sulke, kayan yaƙin da rabon a yi yaƙi da su a Haɗeja tun shekara ta 1906.

Asalin kosfile

Masu bin diddigin wannan al'ada kan faro tarihinta ne daga birnin New York na ƙasar Amurka a shekara ta 1939, lokacin da aka gudanar da taron farko na duniya na masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya. Wasu mutum biyu, Forrest Ackerman da Myrtle Douglas, sun halarci taron cikin tufafin da suka ce irin na mutanen zamani mai zuwa ne. Douglas ce ta tsara su, ta kuma ɗinka da kanta. Tun daga taron shekarar da ta biyo baya, gasar shiga ta zama wani ɓangare na irin waɗannan tarurruka.

Shi kuwa sunan sai a farkon shekarun 1980 ya bayyana, a can ƙasar Japan. Ana danganta shi ga wani marubuci mai suna Nobuyuki Takahashi, wanda ya yi amfani da shi a mujallar My Anime a shekara ta 1983. Kafin nan, tun a 1975 aka buɗe kasuwar Comiket a birnin Tokyo, inda masu zana labarai ke baje kolin ayyukansu. Mutane kimanin 700 ne suka halarci zaman farko. A watan Disamba na 2019 kuwa an ƙidaya masu shiga 750,000 a cikin kwana huɗu, kuma masu shigar kwaikwayo na daga cikin manyan abubuwan da ke jan jama'a zuwa wurin.

A shekara ta 2003 birnin Nagoya ya fara karɓar baƙuncin babban taron masu kosfile na duniya, aka kuma ƙara masa gasa a 2005. Kowace ƙasa kan tura mutum biyu, kuma sharaɗi ne kayan da za su sanya su kasance aikin hannunsu. A ƙasashen Larabawa an fara irin wannan baje koli a Dubai a 2012, sannan a Jidda a 2017. A Nijeriya ma a 2012 ne aka fara taron Lagos Comic Con, wanda shi ne babban dandalin masu wannan sha'awa a ƙasar.

Wanda ya ga hotunan kawai zai ɗauka wasan yara ne. A haƙiƙa mafi yawan lokacin mai kosfile a kan keken ɗinki yake ƙarewa. Yakan yanka soso mai tauri ya gasa shi da zafi har ya lanƙwashe kamar ƙarfe, ya shafa masa fenti ya koma garkuwa ko hular yaƙi. Yakan gyara gashin kanti, ya koyi kwalliyar fuska, wani ma har da haɗa ƙananan fitilu a jikin riga. Kaya ɗaya kan ci watanni. A wajen gasa alƙalai kan juya rigar su duba ɗinkin ta ciki, kamar dai yadda mai sayen aska takwas kan juya wuyan riga don ya tabbatar aikin hannu ne.

Abin da harshe ya adana

Hausa na da kalmominta na wannan fage tun kafin zuwan sinima. Akwai ɓad da kama, akwai kuma shigar burtu, wadda ta samo asali daga dabarar maharba. Maharbi kan sassaƙa kan tsuntsun burtu da itace, ya ɗaura a goshi, ya lulluɓe jikinsa da baƙin zane, ya riƙa rarrafe yana caccakar ƙasa har ya kusanci namun daji ba su ankara ba. Wannan shiga ce ta neman abinci, amma tana buƙatar abin da kowane mai kwaikwayo ke buƙata, wato kaya masu kama da na gaske da kuma iya motsi irin na wanda ake kwaikwayo.

A fadojin ƙasar Hausa an san wasan gauta, inda matan gidan sarki kan yi shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi zaman fada da yadda kowane basarake ke magana, sarkin kuma yana kallo. Ta wannan hanya akan isar masa da abin da babu mai iya faɗa masa baki da baki. Akwai kuma 'yan kama, masu shigar malamai, waɗanda kan zauna kamar za su yi wa'azi, amma duk bayaninsu a kan tuwo da miya yake ƙarewa.

Sai dai babu inda wannan fasaha ta game gari, ta shiga kowace unguwa, kamar a tashe.

Daren goma ga azumi

Galibin manazarta na ganin kalmar tashe daga tashi ta fito, wato tayar da mutane domin sahur. A bisa al'ada akan fara ne daga daren goma ga watan Ramalana, bayan an sha ruwa an ci abinci. Yara maza da mata kan haɗu rukuni-rukuni, kowane da wasansa, su bi gida-gida, su ratsa kasuwa da bakin shaguna. Wanda aka yi wa wasa kan ba da abin da ya sawwaƙa, hatsi ko 'yan kuɗi.

Kowane wasa yana da tauraronsa, kuma kayan da zai sanya sanannu ne. A Tsoho da Gemu, yaro kan yi gemu da gira na auduga, ya sa tsumma, ya dogara sanda, ya duƙa yana makyarkyata, sauran yara na amsa masa. A Jatau Mai Magani, mai wasan kan rataya saiwoyi da sassaƙe da layu, yana lissafa cututtuka da maganin kowace, kamar yadda masu tallar magani ke yi ranar kasuwa. A wasan da ake kira Ka Yi Rawa kuwa, malami ne ake kwaikwayo, da ƙaton rawani da allo da buzu da carbi. Ana zarginsa da cewa an gan shi yana rawa, shi kuma yana musantawa, har garin nuna irin rawar da bai yi ba ya ɓige da cashewa.

'Yan mata na da nasu. Sukan kife ƙwarya a cikin ruwa su riƙa kaɗawa, kuma mafi shahara a wasanninsu shi ne Mairama da Daudu, inda yarinya ɗaya kan sa riga da hula ta zama ango, ɗaya ta yi lulluɓi ta zama amarya, saura kuma suna jera wa amaryar yadda ake zaman gidan miji. Tashen gwauro na manya ne. A birnin Kano yana da sarautarsa ta musamman, wato Nalako, kuma abin da ake yi shi ne a kama mutumin da ba shi da mata, a yi masa ado na ban dariya, a zaga gari da shi da kiɗa.

A nan ne babban bambancin yake. Mai kosfile yana ɗauko gwarzonsa daga littafi ko fim ko wasan kwamfuta, wanda wani kamfani ya mallaka, kuma burinsa ya yi kama da hoton ƙwabo da ƙwabo. Ɗan tashe kuwa daga unguwa yake ɗauko nasa. Tsohon da yake kwaikwayo yana nan zaune a ƙofar gida, malamin ma watakila shi ya ba shi hutun makaranta. Ba ya neman ya ɓace a cikin kayan, so yake a gane shi, a gane wanda yake nufi, a yi dariyar duka biyun. Gemun auduga da ya karkace ya fi wanda ya zauna daidai ban dariya. Saboda haka ƙwarewar ɗan tashe ta fi yawa a murya da tafiya da sanin daidai lokacin da za a yi shiru.

Tashe na ba yaro izinin da ba shi da shi a sauran watanni goma sha ɗaya. A al'ummar da ƙarami ba ya haɗa ido da babba, ga shi an ware kwanaki da zai tsaya gaban dattijo ya kwaikwayi rowa ko ƙarya ko son abin duniya, kuma a ba shi tukuici. Ba duka wasannin ne ke da daɗin ji a yau ba. Macukule, wanda ke kwaikwayon Bagwari cikin tsumma da gurɓatacciyar Hausa, ya fito ne daga wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, irin wanda ke tsakanin Fulani da Barebari ko Kanawa da Zage-zagi. To amma barkwanci yana tafiya ne idan kowane ɓangare na da bakin ramawa, kuma da wuya a ce haka abin yake a wannan wasa.

Masana sun rubuta wasannin tun da daɗewa. Muhammad Balarabe Umar ya tattara su a littafinsa Wasannin Tashe, Graham Furniss na Jami'ar Landan kuma ya yi bayaninsu a littafin da ya wallafa a 1996 kan adabin Hausa. An fi mai da hankali ga waƙoƙin, domin su ne ake iya rubutawa. Kayan wasan kuwa ba a ajiye su. Kafin salla audugar ta koma matashi, rigar ta koma wurin mai ita.

Kayan da fadama ke bayarwa

Ƙa'idar kayan tashe ita ce a yi da abin da ke kusa, kuma abin da ke kusa a ƙasar Haɗeja kogi ne ke kawo shi. Kogin Haɗeja ya samu ne daga haɗuwar kogin Kano da na Chalawa. Daga garin Haɗeja zuwa gabas yakan rarrabu ya malale cikin fadamun da suka miƙe har Nguru, kafin ruwansa ya haɗu da na kogin Jama'are ya nufi tafkin Chadi. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas na Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa da Auyakawa ne ke zaune a cikinta, suna noma da su da kiwo.

Yanki ne na goruba, kuma kabarta ce ake saƙa tabarma da igiya da faifai da malafa da ita. Ga karan dawa da na gero, wanda yaran Hausa suka gwanance wajen ƙera mota da tabarau da bindiga da ɓargonsa da ɓawonsa. Ga ƙwarya da gora, ga tsohuwar koma ta masunta, ga buhun shinkafa ko na taki wanda huda uku kawai yake buƙata ya zama riga. Baƙin tukunya da toka da farar ƙasa su ne kayan kwalliya. Yaron da ya haɗa waɗannan ya koyi yanka da ɗauri da awo ba tare da kowa ya kira abin darasi ba.

Fadamar kanta ta sauya. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Chalawa a 1992 sun canza yadda ruwa ke zuwa, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ambaliya kuma ta yi ɓarna mai yawa a 2018 da 2020 da 2022. Kwali da leda da robar ruwa sun shigo cikin kayan wasan yara, a nan kamar ko'ina.

Shi ma lokacin wasan ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin watan azumi kan matso da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, ya zagaye damina da rani cikin kusan shekara 33. A 2010 da 2011 tashe ya faɗo ne a watan Agusta, tsakiyar damina, lokacin da kogi ke cika, rumbuna kuma suka yi ƙasa. A 2024 da 2025 ya faɗo a watan Maris, dab da girbin alkama a gonakin rani. Abin da ke cikin rumbun maigida shi ke yanke abin da zai shiga ƙwaryar 'yan tashe.

Daga fagen fama zuwa ƙofar fada

Shiga ta biyu da Haɗeja ta shahara da ita ta fi tashe tsada nesa ba kusa ba, wato ta hawan salla. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi rigar kariya ce mai kauri da ake cusa wa auduga a ɗinke, a sa wa doki da mahayinsa domin tare kibiya. Sulke kuwa riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa da juna.

Haɗejawa sun san amfanin waɗannan kaya fiye da a labari. A tsakiyar ƙarni na 19 Sarki Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye, dawakinsa suka addabi maƙwabta har zuwa rasuwarsa a fagen yaƙi a 1863. A watan Afrilu na 1906, shekara uku bayan faɗuwar Kano da Sakkwato, rundunar Ingila ƙarƙashin Kanar Lowry Cole ta auka wa birnin Haɗeja. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya. Mahaya suka fuskanci bindigogi masu aman wuta da takubba da masu, aka kashe sarkin tare da jama'arsa masu yawa, shi ya sa har yau ake kiransa Mai Shahada. Tun daga wannan rana lifidi bai sake tare kibiya ba a Haɗeja. Ya zama abin da ake fitarwa sau biyu a shekara.

Hawan salla ya girmi zuwan Turawa, a Kano ma ana danganta shi da zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Abin da mulkin mallaka ya yi shi ne mai da shi abin nuna wa baƙi, kamar gagarumin hawan da aka shirya wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Gwamnatin Nijeriya ta maimaita irinsa a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977. A Haɗeja, inda Alhaji Adamu Abubakar Maje ya hau gadon sarauta a 2002, hakimai kan shigo daga gundumominsu, kowane da ayarinsa da irin adon da ya zaɓa wa mutanensa, a zo a yi jafi a gaban sarki.

Ba daidai ba ne a kira dukkan wannan kwaikwayo. Hakimin da ya sa alkyabba ya naɗa rawani kayan muƙaminsa ya sa, haka ma dogari cikin ja da kore. Amma ɗan lifidin da gobe zai koma shagonsa ko ofishinsa, da saurayin da ya yi tanadin watanni domin ya ari doki ya fito kamar barden ƙarni na 19, waɗannan ba su da nisa da matashin Nagoya da ya ɗinka kayan mayaƙin Japan na da. Dukansu suna sanya tarihi a jiki na yini ɗaya, kuma dukansu mai hoto suke nema.

Bayan kowane mahayi akwai jerin masu sana'a. Masassaƙi ne ke fitar da ƙwarangwal ɗin sirdi, baduku ya rufe shi da fata ya yi ragama da kayan ƙawa, maƙeri ya ƙera linzami da likkafa da ƙaimi. Masu ɗinkin hannu ke yin jalala da sauran shimfiɗun sirdi, marina da mabuga su fitar da rawani ɗan Kura mai ƙyalli, a kuma nemo gashin jimina a soka a kwalkwali. Da yawa daga cikin waɗannan kaya daga kasuwar Kurmi ta Kano suke fitowa. Wasu sana'o'in, kamar ɗinkin lifidi, ba su da wata kasuwa in ba hawa ba. Shekarar da aka soke hawa, kamar yadda annobar korona ta sa aka yi a 2020, su ne farkon waɗanda ke ji a jikinsu.

Iyakar abin da ake sanyawa

Kowace al'umma da ke wasa da sutura tana da iyakarta. A Comiket ba a yarda mutum ya taho daga gida cikin kayan wasa ba, sai ya sauya a ɗakin da aka tanada, kuma ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininsa. A Kano rawani mai kunne biyu na jinin sarauta ne, wanda ba shi da gado ba ya naɗa shi ya hau doki. Dokar Nijeriya kuma ta hana farar hula sanya kakin soja ba da izini ba, abin da ya kamata duk mai sha'awar shigar jarumin fim ya sani.

Ta fuskar addini, abin da malamai suka fi yin magana a kai shi ne hadisin Ibn Abbas da Bukhari ya ruwaito, wanda ya yi hani mai tsanani ga namiji ya kamanta kansa da mace ko mace ta kamanta kanta da namiji. Da wannan ne wasu ke sukar wasannin da ake musayar tufafi a cikinsu, suna ƙarawa da cewa tashe kan shagaltar da matasa daga sallar asham, ya kuma jawo cuɗanyar maza da mata da dare. Wasu kuma na ganin wasan ƙananan yara ne da ke koyar da tausayin tsofaffi da ladabin aure, don haka gyara yake buƙata. Muhawarar ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A Malesiya da Indunisiya 'yan mata Musulmi masu sha'awar kosfile sun ɓullo da tasu hanyar: sukan naɗa hijabi mai launin gashin tauraruwar da suke kwaikwayo, su tsawaita hannun riga da siket, su fito ba tare da sun buɗe kai ba.

Inda fatake suka kai shi

Al'adar ta bi Hausawa zuwa wasu ƙasashe. A birnin Wagadugu na Burkina Faso yara kan fito a dararen azumi da fuskokin dabbobi da suka ƙera, suna rawa gida-gida, kuma sunan wasan Dodo. Masu bincike sun nuna cewa fataken Hausa ne suka kai shi can a ƙarni na 19. A Damagaram ta Jamhuriyar Nijar kuwa akwai wasan kara, inda talakawa kan yi shigar manyan ƙasa, su kwaikwayi tafiyarsu da jawabansu, da kayan aiki na karan hatsi.

A 'yan shekarun nan kuma tarihin ƙasar Hausa ya fara shiga duniyar kosfile ta wata ƙofar. Marubucin Nijeriya Roye Okupe ya ƙirƙiro jaruma Malika a littattafansa na zane, wadda ya gina a kan labarin Sarauniya Amina ta Zazzau, kuma a 2021 kamfanin Netflix ya saki fim ɗin Amina. Ke nan kayan yaƙin da ake gani a ƙofar fada ranar salla sun zama abin da mai zane a Legas ko Amurka ke nazari.

Halin da ake ciki

Rukunin 'yan tashe ƙaramar ƙungiya ce mai tsari. Akwai babba da ke raba aiki, akwai mai riƙe abin da aka samu, akwai ƙanana da ke bi a baya suna amshi har su haddace. Ta haka wasa ke wucewa daga wa zuwa ƙane, ba tare da makaranta ko littafi ba. Rauninsa ma a nan yake, domin idan aka yi 'yan shekaru a jere ba a fita ba, waɗanda suka iya sun girma, na bayansu kuma ba su gani ba.

Wannan barazana ta riga ta bayyana a manyan birane. Rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta hana tashe fiye da sau ɗaya a 'yan shekarun nan, ciki har da azumin 2024, bisa hujjar cewa 'yan daba na fakewa da shi suna faɗa da makamai da ƙwacen waya. Hujjar tana da ƙarfi, domin fuskar da aka shafe da baƙin tukunya tana ɓoye ɓarawo kamar yadda take ƙawata ɗan wasa. Sai dai hanin bai bambanta ɗan daba da yarinya mai ƙwarya da ludayi ba. Ga kuma talabijin da wayar salula da suka ba yara wani abin yi bayan shan ruwa, da iyayen da ba sa son 'ya'yansu su yi nisa da gida da dare.

Hawan salla ya fi samun gata. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na bil'adama, ko da yake rikicin sarautar birnin ya sa an dakatar da hawan a babbar sallar 2024 da ƙaramar sallar 2025. Hawa yana da sarki da hakimai da gwamnati a bayansa, yana kuma jawo baƙi da masu ɗaukar hoto. Tashe kuwa a hannun yaran unguwa yake, da iyayen da ke ba su aron tsohuwar riga, da maƙwabtan da ke buɗe musu ƙofar zaure. A garuruwa irin su Haɗeja da ƙauyukan fadama, inda mai gida ya san ɗan wane ne ke bayan gemun auduga, wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi sauƙin cika fiye da a birni mai mutum miliyoyi.